Niamh Fahey: 'Yar Ailan Mai Ƙwallo Iri Biyu

Mu a nan idan aka ce ƙwallo, ba wanda zai tsaya tambayar ko wane iri ake nufi. Kowa ya san tamaula ce, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, kuma ban da mai tsaron gida ba wanda aka yarda ya sa hannu. Amma a ƙasar Ailan, wato tsibirin nan da ke yamma da Ingila, sai ka fayyace, domin ƙwallo iri biyu ne ke tashe a can. Akwai ƙwallon ƙafa da duniya ta sani, akwai kuma nasu na gargajiya wanda ake kira ƙwallon Gelik.

Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. To, a wannan maƙala za mu duba tarihin wata mace da ta ɗanɗana taurar nan biyu, ta kuma kai ƙoli a kowacce. Sunanta Niamh Fahey. Rubutun sunan na harshensu ne na asali, a baki kuwa ana faɗinsa kamar "Nif Fahi". Ta ci kofi mafi girma na ƙwallon Gelik tana da shekara 16, ta kuma buga wa ƙasarta ƙwallon ƙafa sau 115. Kafin mu gane girman abin da ta yi, sai mun fara sanin wasan kansa, da kuma tsohuwar gabar da ke tsakanin wasannin biyu.

Yadda Ake Ƙwallon Gelik

Filin ƙwallon Gelik ya fi na ƙwallon ƙafa girma. Tsawonsa yakan kama daga mita 130 zuwa 145, faɗinsa kuwa daga mita 80 zuwa 90. 'Yan wasa 15 ne a kowane gefe. Ƙwallon mulmulalle ne kamar namu. Ragar ma kamar tamu take, sai dai sandunan gefe biyu sun miƙe sama sun wuce sandar da aka gicciye, har siffar ta zama kamar harafin H.

An yarda ɗan wasa ya cafe ƙwallo da hannu ya ruga da shi, amma ba zai wuce taku huɗu ba. Bayan taku huɗu dole ya buga shi a ƙasa ya sake cafewa, ko kuwa ya sake shi a kan ƙafarsa ya ɗago shi zuwa hannu alhali yana cikin gudu. Idan zai ba ɗan'uwansa, ko dai ya buga da ƙafa, ko ya ɗora ƙwallon a tafin hannu ɗaya ya doke shi da ɗayan. Jifa laifi ne. Wanda ya tsallakar da ƙwallo ta saman sanda, tsakanin dogayen sandunan nan, ya sami maki ɗaya. Wanda ya jefa cikin raga ya sami maki uku. A shekarar 2025 an ƙara wa wasan maza wata doka mai ba da maki biyu ga wanda ya tsallakar daga nesa, amma a zamanin da Niamh ta yi wasa babu wannan.

Saboda haka rubuta sakamako ma dabam yake. Idan ka ga an rubuta 3-8, ana nufin raga uku da tsallake takwas. Uku sau uku tara, a tara da takwas, maki 17 ke nan. Ku riƙe wannan lissafi, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Wasan mata yana da 'yan bambance-bambance. Minti 60 suke yi. An yarda mace ta ɗauki ƙwallo da hannu kai tsaye daga ƙasa, namiji kuwa sai ya fara ɗago shi da ƙafa. Maza sukan yi bangaza kafaɗa da kafaɗa, amma a wasan mata an hana.

Abu mafi muhimmanci shi ne, a ƙwallon Gelik ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a kuma sayar da shi kamar yadda manyan kulob na ƙwallon ƙafa suke yi. Yawanci kowace gundumar ikkilisiya tana da kulob nata, yaro yakan taso ya buga wa kulob na ƙauyensu. Idan ya yi fice sai a ɗauke shi ya buga wa lardinsu. Tsibirin yana da larduna 32, kuma kowace shekara sukan yi gasar neman Kofin Ailan Baki Ɗaya. Wasan ƙarshe a birnin Dublin ake yinsa, a filin Croke Park mai ɗaukar mutum 82,300. Wanda dubban mutane suka yi wa tafi ran Lahadi, ran Litinin za ka same shi a aji yana koyarwa, ko a gona, ko a ofis.

Dalilin Gabar

Me ya sa ake ganin haɗa wasannin biyu wani abin mamaki ne? Amsar tana cikin tarihi. Ailan ta yi ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin mulkin Ingila, har harshenta da al'adunta suka soma ɓacewa. Ranar 1 ga Nuwamba, 1884, wasu masu kishin ƙasa, cikinsu har da wani malamin makaranta mai suna Michael Cusack, suka taru a wani otel a garin Thurles suka kafa Ƙungiyar Wasannin Gelik, wadda ake kira GAA a taƙaice. Manufarsu ita ce raya wasannin gida, kada na Ingilishi su binne su.

Kishin nan ya yi zafi har aka kafa doka ta 27. Daga farkon ƙarni na 20, duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana buga ƙwallon ƙafa, ko ragbi, ko kurket, ko hoki, dakatar da shi ake yi. Ko kallo ka je ka yi laifi. Har kwamitoci aka naɗa masu zagayawa filayen wasa suna duba fuskokin 'yan kallo. Abin ya ƙara tsami bayan ranar 21 ga Nuwamba, 1920, lokacin yaƙin neman 'yancin kai, da dakarun Ingila suka buɗe wuta a kan masu kallon wasa a Croke Park, mutum 14 suka rasa rayukansu.

Dokar ba ta bar kowa ba. A 1938 shugaban ƙasar Ailan na farko, Douglas Hyde, wanda yake ɗaya daga cikin iyayen ƙungiyar, ya je filin Dalymount Park ya kalli wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Ailan da Folan. Aikin ofis ne ya kai shi, amma duk da haka GAA ta cire sunansa daga jerin iyayenta. Sai a 1971 aka soke wannan doka. Filin Croke Park kuwa bai buɗe ƙofarsa ga ƙwallon ƙafa na ƙasa da ƙasa ba sai a 2007.

Mata kuma nasu shingen biyu ne. A Ingila, hukumar ƙwallon ƙafa ta hana mata wasa a filayenta tun daga 1921, aka yi shekara hamsin kafin a janye. A Ailan sai a 1973 mata suka buga wasansu na farko da wata ƙasa, inda suka ci Wales 3 da 2. Ƙungiyar ƙwallon Gelik ta mata kuwa a 1974 aka kafa ta, a otel ɗin nan na Thurles, shekara 90 bayan ta maza. Ba su soma buga wasansu na ƙarshe a Croke Park ba sai a 1986. Ashe ke nan lokacin da aka haifi Niamh, duka hanyoyin biyu da za ta bi sababbi ne, ko sawu bai yi yawa a kansu ba.

Yarinya Daga Killannin

An haifi Niamh Fahey ranar 13 ga Oktoba, 1987. Ta taso a Killannin, wani yankin karkara a lardin Galway, can yammacin tsibirin wajen bakin teku. Gidansu gidan ƙwallon Gelik ne. Yayyenta maza biyu, Gary da Richie, sun buga wa Galway, kuma Gary ne kyaftin a 2001 lokacin da lardin ya ɗauki Kofin Ailan Baki Ɗaya na maza. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ma ƙanwar gwanaye ba ta zama 'yar kallo. Duk da haka zuciyarta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Tun tana ƙarama take goyon bayan Liverpool, ta kuma shiga wani kulob na ƙwallon ƙafa mai suna Salthill Devon a birnin Galway.

A farkon Oktoba na 2004, saura 'yan kwanaki ta cika shekara 17, ta fito Croke Park cikin rigar Galway a wasan ƙarshe na mata. Dublin ce abokiyar karawarsu. Aka tashi Galway tana da 3-8, Dublin tana da 0-11. Bisa lissafinmu na ɗazu, maki 17 da 11 ke nan. A lura da kyau: Dublin ta fi tsallakar da ƙwallo ta saman sanda, amma ba ta taɓa raga ko sau ɗaya ba, raga ukun nan ne suka raba gardama. Wannan shi ne karo na farko da matan Galway suka ɗauki babban kofin, kuma ko da yake sun sake kaiwa wasan ƙarshe a 2005 da 2019 da 2024, duka ukun ba su yi nasara ba.

A 2005 Cork ce ta doke su. Wannan ba abin kunya ba ne, domin daga shekarar zuwa 2016 Cork ta ɗauki kofin sau 11. A wannan shekara aka zaɓi Niamh cikin gwanaye 15 na ƙasa baki ɗaya, lambar yabon da kowane ɗan wasan Gelik yake mafarkin samu.

A ɗaya gefen kuma tauraruwarta tana ta hawa. A watan Maris na 2007 ta buga wa babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ailan wasanta na farko, a karawa da Fotugal. A shekarar ce kuma ta ci Kofin Mata na hukumar ƙwallon ƙafa ta Ailan tare da zaɓaɓɓun Galway. Ita ce ta buga fenaritin da ya ba su nasara a kan Raheny United da ci 1 da nema. A ina aka yi wasan? A Dalymount Park, filin nan da zuwansa ya jawo wa shugaban ƙasa kora shekara 69 kafin nan.

Ranar Zaɓi

Yarinya tana iya haɗa wasa biyu muddin tana makaranta, amma a matakin manya abin yakan gagara. Ranakun wasa sukan ci karo. Kowane koci yana son ganinta a wajen atisaye. Rauni a wasa ɗaya hasara ce ga ɗayan. Ga kuma babbar tambaya: da me za a ci abinci? Ƙwallon Gelik yana ba da suna da martaba a gida, amma ba ya ba da albashi. Ƙwallon ƙafa yana iya zama sana'a, amma sai an ƙetare teku, kuma a wancan lokaci ko a Ingila abin da mata suke samu bai taka kara ya karya ba.

A 2008 Niamh ta yanke shawara, ta koma Landan ta shiga Arsenal, wadda a lokacin ita ce sarauniyar ƙwallon mata a Ingila. Ta tarar da 'yan ƙasarta uku a can: Emma Byrne mai tsaron gida, da Ciara Grant, da Yvonne Tracy. Ba ƙaramin abu ta bari a baya ba. Tana da shekara 20, an riga an san ta a lardinsu, da ta zauna da ta yi shekara goma ko fiye tana sanye da rigar Galway. A Arsenal kuwa sai da ta nemi gurbi a tsakanin gwanaye, aka sa ta a baya ta gefen hagu.

A kakarta ta farko Arsenal ta kwashe kofuna uku na cikin gida. Da aka kafa sabuwar babbar gasar mata ta Ingila a 2011, Arsenal ce ta ɗauka, ta kuma maimaita a 2012. Sau uku ana zaɓen Niamh gwarzuwar shekara ta ƙwallon matan Ailan. Duk wannan bai sa ta ajiye littafi ba. Ta ci gaba da karatu a jami'a har ta sami digiri a fannin ilimin magunguna.

Ba ta kuma manta da wasan gida ba. 'Yan Ailan mazauna Landan suna da nasu kulob na Gelik, sai ta riƙa buga wa ɗaya daga cikinsu mai suna Parnells. A 2012 kulob ɗin ya ɗauki kofin Ailan Baki Ɗaya na kulob-kulob a rukuni na tsakiya. Wato tana 'yar wasan Arsenal ta sake cin kofin Gelik. A 2013 ta yi mummunan rauni, jijiyar gwiwarta ta tsinke, ta yi watanni tana jinya kafin ta dawo fili.

A ƙarshen 2014 ta koma Chelsea. Ranar 1 ga Agusta, 2015, aka buga wasan ƙarshe na Kofin FA na mata a filin Wembley karo na farko a tarihi, Chelsea ta ci Notts County 1 da nema. A shekarar kuma suka ɗauki kofin gasar lig. Ta yi kaka ɗaya a Bordeaux ta ƙasar Faransa, sa'an nan a 2018 ta sa hannu da Liverpool, kulob ɗin da take so tun ƙuruciya.

A nan ne aka gwada halinta. A 2020 annobar korona ta sa aka yanke gasa ba a ƙarasa ba, Liverpool tana can ƙasan teburi, aka mai da ita rukuni na biyu. Mace mai tarin kofuna irin nata tana iya neman wani wuri. Ita kuwa ta zauna, aka ba ta kyaftin. A watan Afrilu na 2022 suka ci Bristol City 4 da 2, tana cikin waɗanda suka zura ƙwallo, da haka suka koma babban rukuni.

Rigar Ƙasa

Buga wa Ailan a shekarun farko ba daɗi ne zalla ba. A watan Afrilu na 2017 'yan wasan mata suka fito gaban 'yan jarida a Dublin suka bayyana cewa har a bayan gida na filin jirgin sama suke canja kaya, domin rigunan atisayen da ake ba su aro ne, sai sun mayar. Suka ce ba za su yi wasa ba sai an gyara. Hukuma ta sauko, aka yi sulhu. A 2021 aka daidaita kuɗin wasa na maza da na mata.

A watan Fabrairu na 2022 Niamh ta buga wa ƙasarta wasa na 100, kuma da Folan aka kara. Da yake 'yar baya ce, aikinta hana ci ne. Ƙwallo ɗaya tak ta ci wa Ailan, a wasa da Jojiya a watan Yuni na 2022, bayan shekara 15 tana jira.

Ranar 11 ga Oktoba, 2022, Ailan ta ci Sikotilan 1 da nema a birnin Glasgow, ta sami shiga Gasar Kofin Duniya ta mata karo na farko. Wadda ta ci ƙwallon, Amber Barrett, ita ma tsohuwar 'yar wasan Gelik ce ta lardin Donegal. Kwana huɗu kafin wasan wata fashewa ta kashe mutum goma a ƙauyen Creeslough na lardinsu. Da ta ci, maimakon tsalle sai ta durƙusa ta sumbaci baƙin ƙyallen makoki da ke damtsenta.

A gasar ta 2023 Ailan ta faɗa rukuni ɗaya da Ostareliya da Kanada da Nijeriya. Ostareliya ta ci su 1 da nema a Sydney a gaban mutum fiye da 75,000, Kanada kuma ta ci su 2 da 1. Ranar 31 ga Yuli suka haɗu da Super Falcons ta su Asisat Oshoala a birnin Brisbane, aka tashi canjaras babu ci. Makin nan ɗaya ya ishi Nijeriya ta wuce zagaye na gaba, su kuma 'yan Ailan shi ne makinsu na farko a Kofin Duniya. Cikin 'yan bayan da suka tare gaban ragar Ailan a ranar akwai Niamh Fahey, tana da shekara 35. A watan Janairu na 2025 ta yi sallama da rigar ƙasa, a ƙarshen kakar kuma ta rataye takalmanta a Liverpool.

Abin Da Za Mu Koya

Waɗanda suka kafa doka ta 27 ba mugaye ba ne. Tsoro suke yi kada abin waje ya haɗiye na gida. Amma tarihin Niamh ya nuna cewa wasan gida ne ya share mata hanyar na waje. Wadda ta saba da gudu a fili mai tsawon mita 140 ba za ta yi saurin gajiya a ƙaramin fili ba. Wadda ta saba auna inda ƙwallo zai sauko don ta cafe shi a sama, ba za ta sha wuyar sa masa kai ba. Wadda ta tsaya gaban taron Croke Park tana da shekara 16, ihun Wembley ba zai girgiza ta ba. Ƙwallon Gelik ɗin ma bai mutu ba don an buɗe ƙofa: a 2019 mutum 56,114 ne suka kalli wasan ƙarshe na mata.

Ɗalibai, ku lura da tsarin da ta bi. Tana ƙarama ta gwada duka biyu da iyakar ƙarfinta. Da lokacin zaɓi ya zo ta zaɓa, ta kuma yarda ta biya kuɗin zaɓin. Maganar taura biyu gaskiya ce, sai dai ba ta hana mutum ɗanɗana kowacce kafin ya san wadda zai riƙe. Wanda Allah ya ba baiwa biyu, ko lissafi da waƙa, ko gudu da zane, kada ya yi gaggawar binne ɗaya tun yana aji biyu. Kada kuma ya yar da karatu, domin jijiyar gwiwa ɗaya ta isa ta tsayar da ɗan wasa, amma ba ta isa ta ƙwace masa takardar shaida ba.

Iyaye da malamai kuma, ga tamu tambayar. Shekara 30 ne kawai tsakanin kafa ƙungiyar Gelik ta mata da ranar da Niamh ta ɗaga kofi. Da ba a sami waɗanda suka zauna a 1974 suka ce a ba 'yan mata fili da ƙwallo ba, da ita ma a bakin fili za ta tsaya tana yi wa yayyenta tafi. Idan aka buga ƙararrawar wasanni da yamma, mu duba mu gani: 'yan matanmu nawa ne a cikin fili, nawa ne kuma a gindin bishiya?